Ba sai ɗalibin jami'a ne ke shiga gidan tarihin Ashmolean ba

Mutane da yawa da ke zuwa birnin Oxford na ƙasar Ingila sukan wuce ta gaban gidan tarihi na Ashmolean da ke titin Beaumont ba tare da sun leƙa ba, saboda sun ɗauka cewa tun da mallakar Jami'ar Oxford ne, sai malamai da ɗalibanta kaɗai ake bari su shiga, ko kuma sai an biya kuɗi masu yawa. Wannan zato kuskure ne, kuma yana hana baƙi abin da ya fi dacewa su gani a birnin.

Tun da aka buɗe shi a shekarar 1683, da kayan da Elias Ashmole ya bai wa jami'ar, an yi shi ne domin jama'a. A yau shiga manyan ɗakunansa kyauta ne ga kowa, ana dai roƙon gudummawa daga wanda ya ga dama. Baƙo zai iya tsayawa gaban zane-zanen hannu na Raphael da Michelangelo, shahararrun masu zane na ƙasar Italiya, ya ga ƙaramin kayan adon zinariya da aka ƙera a zamanin Sarki Alfred na tsohuwar Ingila, sannan ya shiga sashen fasahar ƙasashen Musulunci, inda tangaran da tayil masu rubutun Larabci suka cancanci a daɗe ana dubawa.

Inda ake sayen tikiti shi ne baje koli na musamman da ake shiryawa na 'yan watanni. Haka kuma ɗakin zane-zane na kwalejin Christ Church ta Jami'ar Oxford, wanda tsarinsa daban ne, yana karɓar kuɗin shiga.