Wai koyon aikin manaja aka tura mu, ashe leburanci ne mai rajista

Jama'a don Allah wa ya ƙirƙiro tsarin nan na a cire ɗalibi daga aji shekara guda cur, a kai shi babban kanti da sunan zai koyi harkar gudanarwa, sannan kowa ya juya baya ba mai sake waiwayarsa? A takarda abin gwanin sha'awa, ka yi shekara biyu a jami'a, ta uku ka fita aiki, ka dawo ka ƙarasa digiri da ƙwarewa a hannu. Ni ma da murnata na sa hannu. Amma wallahi abin ya kai ni maƙura, kuma na gaji da jin wai in yi haƙuri kowa da haka ya fara.

Wasiƙar ɗaukata ta ce zan zagaya kowane sashe, oda, sito, lissafi, tsara ma'aikata, har zama da masu kawo kaya. Ina zuwa aka miƙa min sikana, na'urar nan ta karanta lambar jikin kaya, da keken tura kaya, wai in fara daga ƙasa don in san yadda shago yake numfashi. To ban ƙi ba, manajan da bai taɓa jera kaya a kanta ba ai ba manaja ba ne. Sai dai wata ya bi wata ina nan ina fasa kwali, in jawo tsohon kaya gaba in tura sabo baya saboda wanda ya fara shigowa shi zai fara fita kafin ranarsa ta wuce, abin da a yini ɗaya ake koya wa mutum. Sikanar nan fa tun 1974 aka fara amfani da irinta a wani kanti a Amurka, ɗan sakandare ma ka nuna masa sau biyu ya iya, meye na ɗauko ɗan jami'a ka ajiye shi a kanta shekara guda?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ainihin ilimin yana nan a cikin ginin, ina ganinsa ta gilashin ofis amma an hana ni taɓawa. Oda misali, kwamfuta ce ke ba da shawarar abin da za a sayo bisa cinikin baya, manaja ya zauna ya gyara, ya duba yanayi, ya duba kwana nawa mai kawo kaya ke ɗauka kafin mota ta iso, ya yanke shawarar nawa zai ajiye na ko-ta-kwana. In ya cika oda kuɗi sun kwanta a sito kaya na lalacewa, in ya rage kanta ta zama wayam kwastoma ya tafi wani shagon kuma ba lallai ya dawo ba. Wannan shi ne aikin! Shi na zo koya. Duk sanda na ce yallaɓai zan iya zama in ga yadda ake yi, sai ya ce bari a wuce wannan makon akwai cunkoso, kuma kanti ba ya rasa cunkoso. Ko lissafin riba da muka yi a aji, cewa in ka sayo abu 80 ka sayar 100 ƙarin da ka ɗora 25 cikin ɗari ne amma ribarka a kan ciniki 20 ce cikin ɗari, ban taɓa ganin an buɗe min takardar sashe ɗaya an ce ga namu ba, wai sirrin kamfani ne. Sirri ne in na nemi koyo, amma ba sirri ba ne in ciniki ya faɗi ana neman wanda za a yi wa faɗa a mitin ɗin safe.

Haka jeren kaya. Zane ne ake turowa daga hedikwata, wannan a daidai ido, wancan a ƙasa, kayan buƙatar yau da kullum can ƙuryar shago don mutum ya ratsa komai kafin ya kai, ƙananan abubuwa a bakin kashiya don hannu ya kai ba shiri. Akwai dalili a kowane ɗaya, wasu kamfanonin ma biya suke don a ba su wuri mai kyau. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni a kan wannan, wata tsohuwar ma'aikaciya ce, Allah ya saka mata, take ɗan yi min bayani muna aiki, ita da ba a biyanta ko sisi don ta koyar da ni.

Amma fa in an zo wajen ɗaukar nauyi nan take na zama manaja. Mukullin shago a hannuna, ni ke rufewa da dare, ni ke ƙirga kuɗin kowace kashiya in haɗa da abin da na'ura ta nuna, in an samu gibi sunana ne a takarda. Kwastoma ya dawo da kaya yana zage-zage a ce kira manaja, ni za a tura, in tsaya in sha zagi tas, ƙarshe in ce masa ya jira saboda ba ni da lambar sirrin da ake mayar da kuɗi da ita. Ku ji fa. An yarda da ni a kan mukullin ginin gaba ɗaya amma ba a yarda da ni in mayar wa mutum kuɗin abu ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, don alawus ɗin shugabanci mataimakin manaja ne ke karɓa yana gida yana barci.

Ranar ƙidayar kaya kuwa sai wanda ya gani. A kwana ana ƙirge, adadin sistem daban na kanta daban, kuma kowa a harkar ya san gibin nan hanyoyinsa da yawa, satar kwastoma, satar ma'aikata, kaya da suka fashe ba a rubuta ba, mai kawo kaya ya sauke ƙasa da abin da ke rasit, ko kuskuren shigar da lamba. Maimakon a ce zo mu bi diddigi tare ka ga yadda ake gano inda ta ɓulle, sai aka ce sashenka ne ka rubuto bayani. Bayanin me? Kayan da ban yi odarsu ba, ban karɓe su daga mota ba?

Jadawalin aiki kuma a WhatsApp ake canza shi da tsakar dare, ka rufe shago yau a ce kai za ka buɗe gobe da asuba. Lokacin ragin ƙarshen Nuwamba da aka kwaso daga Amurka har zuwa ƙarshen shekara an soke hutun kowa, obataim kuma wai ɗalibi ba ya ciki tunda koyo yake. Ga ɗan leƙen asirin da kamfani ke turowa kamar mai sayayya ya ba mu maki, ya rubuta wai ban yi murmushi ba. Da wane ƙarfin?

Ita makarantar ma ba ta fita ba, hasali ma ita na fi jin haushi. Shekarar nan sai da na biya wani kaso na kuɗin makaranta, wai na kulawa. Wace kulawa? Malamin da aka ce zai riƙa zuwa duba ni imel kawai yake turowa mai layi biyu, yaya aiki, da fatan kana amfana. Na rubuta masa komai dalla-dalla, amsar da na samu ita ce in yi ƙoƙarin nuna himma kuma kar in ɓata alaƙar makaranta da kamfanin saboda 'yan baya. Wato 'yan bayan ma a kawo su su fasa kwali. Kuma ka ga tarkon, wanda zan kai ƙararsa shi ne zai cike fom ɗin tantance ni, makin kuma yana shiga sakamakona, to wa zai buɗe baki?

Yanzu an ce in kawo rahoto na abin da na koya a kowane sashe, har da shafin oda da na tsara ma'aikata da na kasafin kuɗi, kowanne da sa hannun manaja. Na kai masa littafin ya ce in cike da kaina yadda ya dace zai sa hannu gaba ɗaya in ya samu sarari. Ni ba zan rubuta na yi abin da ban yi ba, shafukan nan haka zan miƙa su fayau, in sun ga dama su kira ni gaban kwamiti, dama ina neman inda zan yi magana.