Ƙwan da na tuɓe wa riga

Ƙanwata ce ta jawo min. Jarrabawar bayoloji ta matso, ta zo min da littafi tana ƙorafi: "Yaya, ni fa na kasa gane yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta alhali babu ƙofa." Ni kuwa da rabona da bayoloji tun sakandare, na gyara zama na ce ta ajiye littafin, da idonta za ta gani.

Na samo ɗanyen ƙwai na tsoma a ruwan khal. Tsamin ya yi ta cin ɓawon yana kumfa har ya narke, ya bar ƙwan tsirara, sai tantani kawai ke riƙe da shi. Na saka shi cikin ruwan sukari mai kauri, washegari ya yamutse kamar fuskar wanda aka tasa daga barci. Na mayar da shi ruwa zalla, ya kumbura har ya fi girmansa na asali.

Nan fa malanta ta motsa. Na ce mata wannan shi ne osmosis: tantani yana barin ruwa ya wuce, ya tare manyan abubuwa, ruwan kuma ya riƙa kwarara zuwa ɓangaren da sukari ko gishiri ya fi yawa. Shi ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci a asibiti gishirinsa kashi 0.9 cikin 100 ne, don da zalla aka ɗura masa, jajayen ƙwayoyin jininsa za su sha su fashe. Har na ƙara mata da cewa wani Bafaranshe, Nollet, ya lura da abin tun 1748 da mafitsarar alade, ta gode wa Allah yayanta a ƙwai ya tsaya.

Ta ce, "To ƙofar fa?" Na ce akwai ta mana, wasu 'yan hanyoyin furotin ne a jikin tantanin ƙwayar halitta, ana kiran su akwaforin, waɗanda gano su ya ba Peter Agre kyautar Nobel a 2003. Kallon da ta yi min na girmamawa ne, kuma shi ya kai ni ya baro.

Na ɗaga ƙwan na ce tantanin nan yana da ƙarfi, in an sake shi tsalle yake yi. Na sake shi a kan tebur daga ɗan nesa kaɗan, ya yi tsalle. Ta yi tafi. Na ƙara ɗaga hannu sama.

Fash! Gwaiduwa a rigata, a gemuna, sauran kuma a kan shafin da ta kwana tana zana famfon sodiyam da fotasiyam, mai fitar da sodiyam uku daga ƙwayar halitta ya shigo da fotasiyam biyu. Kiban zanen duk suka bi ruwan ƙwai.

Muna tsaye shiru sai muryar Umma daga can ɗaki: "Wai ƙarnin mene ne wannan ya cika min gida?"

Ƙanwata ta ɗaga littafin da yatsa biyu, yana ɗiga. "Umma, darasi na biyu ne. Wari yana tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda babu, ba ya buƙatar ko tantani. Yaya zai zo ya yi miki bayani, da tsumma a hannunsa."