Awa 99 a Rana

Tunda tsegumin ya riga ya iso gare ku, gara ku ji daga bakina, don na ji an ƙara masa gishiri har ana cewa wai kuka na yi. Ban yi kuka ba. Gumi ne.

Kun dai san kwas ɗin nan na mako biyu da na nace sai na je a dogon hutun bazara, wanda ake koya wa masu binciken zamantakewa manyan dabarun ƙididdiga. Irinsa da yawa a duniya, na Jami'ar Michigan da kowa ke ambato tun 1963 ake yin sa. Namu ba shi ba ne, kuma ba zan kama suna ba tunda ba su yi mini laifin komai ba. A fom, wurin da aka tambayi matakin ƙwarewa, na zaɓi na ƙoli, saboda na shekara tara ina danne-danne a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, har ɗalibai na zuwa neman taimako ofishina. Ranar farko aka ce da wata manhajar, R, za a yi komai. Shi kuwa R babu maɓallin da za ka danna ya yi maka aiki, sai ka rubuta, kuma idan ka sa babban baƙi a wurin ƙarami ya watso maka jan rubutu. Na juye bayanaina daga SPSS zuwa CSV, fayil ɗin jadawali zalla, na loda a R, na ce an wuce wurin.

Ajinmu na nazari mai hawa-hawa ne, wato yadda ake yi da bayanan da ke cikin juna, ɗalibai a cikin makarantu, makarantu a cikin gundumomi. Malama ta ce 'yan makaranta ɗaya suna kama da juna, don haka ba za ka ƙirga su kamar baƙin da ba su taɓa haɗuwa ba. Ta tambayi wa zai ba da misali, ni da rawar kai na ɗaga hannu: ɗalibai 1,200, makarantu 40, kowace 30. Ta ce a ƙaddara kamanceceniyar cikin makaranta 0.2 ce. Ta rubuta lissafin masanin ƙididdiga Leslie Kish a allo, 29 (wato 30 ban da ɗaya) sau 0.2 a ƙara 1, ya ba da 6.8. Ta raba 1,200 da shi, ya dawo 176, wato ƙarfin bayanaina bai wuce na mutum 176 ba. Ina zaune, ba wanda ya mutu, na yi asarar mutum dubu da ɗoriya. Wannan ban ji zafinsa sosai ba, kowa a ajin ya yi irin tasa asarar.

Sai mutumin da ke zaune a damana, wanda muka laƙaba wa Ɗan Bayes. Wasunku sun san shi, mai gilashin nan da ke ratayawa a wuya da igiya. Duk abin da Malama ta faɗa sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce, "Amma a mahangar Bayes fa?" Ko lokacin tashi aka sanar, ina jin yana da ra'ayin Bayes a kai. Shi kansa Thomas Bayes, wanda wannan mahangar ƙididdiga ta ci sunansa, bai damu duniya da maganarsa ba, ya rasu a 1761, sai a 1763 abokinsa Richard Price ya fitar da takardar tasa. Amma wannan bawan Allah, kwana goma, ko numfashi bai bar mu mun yi ba. Ga aron caja. Kullum tasa "tana ɗaki". Kuma idan yana buga kibod sai ka ce yana da tsohuwar gaba da shi.

To, ranar ƙarshe kowa zai gabatar da nazarin bayanansa na minti goma. Tambayata mai sauƙi ce: awowin da ɗalibi ke karatu a gida kullum suna ƙara masa maki? Na kwana biyu ina kokawa da lme4, kayan aikin R na irin wannan nazarin, da ƙyar ya yarda ya fitar da sakamako, sai na ga babu ƙimar p, lambar da muke dubawa mu ce sakamako ba dace ba ne, babu taurarin nan da muka saba gani idan ta yi ƙasa sosai. Ashe da gangan masu shi suka ƙi sa wa. Ni kuwa sakamakon da babu tauraro ban san yadda ake kallonsa ba. Na nemo wani kayan aikin, lmerTest, na ɗora, sai ga su, uku reras. Ƙasa da 0.001. Ko kwana uku ba a yi ba da Malama ta gama jan kunnenmu cewa iyakar 0.05 ɗin nan da ake so ƙimar p ta yi ƙasa da ita al'ada ce kawai da ta samo asali daga littafin Ronald Fisher na 1925, kuma ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako. Na fi kowa gyaɗa kai a lokacin. Da na ga taurarina na manta da ita da ƙungiyar.

Abin da ya fi daɗi, sakamakon a juye ya fito. Yawan karatu yana rage maki! Kuma matsakaicin karatun ɗalibaina awa goma a rana. Nan take na ƙera bayani: gajiyar ƙwaƙwalwa, rashin barci, matsin iyaye. Har na fara tunanin mujallar da ta dace da shi.

A daren nan Ɗan Bayes ya zo karɓar caja. Ya sunkuyo kan laftof ɗina, ya ɗora gilashi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Awa goma?" Na ce ƙwarai. Ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Dakta, ɗalibanka akwai himma." Ya naɗe wayar cajar ya tafi.

Washegari na tsaya gaban mutum ashirin da wani abu, na yi bayani tiryan-tiryan. Na sa taurarin da ja, na ƙara musu girma. Da na zo kan gajiyar ƙwaƙwalwa har na ɗan dakata don maganar ta shiga. Na ga wata a layin gaba tana rubutu, na ce a raina to, an fara ɗauka.

Malama ba ta ce komai ba sai da na gama. Cikin sanyin murya ta ce, "Dakta, an gode. R ɗinka a buɗe yake?"

Na ce a buɗe yake, Malama.

"Ɗan rubuta mana summary na awowin karatun."

Laftof ɗin yana haɗe da majigi, duk abin da na taɓa ajin na gani. Na rubuta da babban S, jan rubutu ya fito. Aka ɗan yi dariya, ni ma na taya. Na gyara. Lambobi shida suka jeru a bango.

"Karanta mana."

Na ce mafi ƙaranci sifiri. Ta ce to. Na tsakiyar layi 2. Ta ce to. Matsakaici 10 da ɗigo. Ta ce to, ci gaba. Idona ya riga bakina isa ta ƙarshen, sai na ji wuyana ya bushe.

"Mafi yawa fa, Dakta?"

Na ce 99.

"Awa 99."

Na ce haka ya nuna.

"A rana."

Ɗakin ya yi tsit, ƙarar fankar majigin kawai ake ji. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ta karkata kai ta ce, "Rana awa nawa ce?" Kuma jama'a, abin da har gobe ban yafe wa kaina ba, amsawa na yi. Na buɗe baki, da digirina uku, na ce ashirin da huɗu. Nan ajin ya fashe. Mai rubutun nan ta layin gaba ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Lambar 99 ni na sa ta da hannuna shekara biyu da suka wuce, tana nufin ɗalibi bai amsa tambayar ba. SPSS ya san da haka don na gaya masa. CSV ba ya ɗaukar wannan bayanin, lamba kawai yake kwashewa, shi kuma R abin da ya sani da rashin amsa shi ne NA. Sai ya karɓi yara wajen 100 a matsayin masu karatun kwana huɗu da awa uku a cikin kowace rana. Su ne kuma akasari masu ƙarancin maki, shi ya sa suka janyo layin ƙasa. Gajiyar ƙwaƙwalwata ke nan gaba ɗayanta.

Malama ta sa na mayar da su NA a gaban kowa. Layin ya miƙe sama, ɗan kaɗan, tauraro ɗaya tal. Ta ce kada in yi murna tukuna, tunda waɗanda suka ƙi amsawa ba su yi kama da sauran ba, zubar da su ma wata matsala ce, in je in karanta abin da Donald Rubin ya rubuta a 1976 kan ɓatattun bayanai. Ina tattara wayoyina hannuna na karkarwa, sai na ga ɗan yatsa ya tashi a dama.

"A mahangar Bayes," in ji shi, "da ka fara da abin da ka riga ka sani game da tsawon rana..."

Wato ya gani. Tun daren jiya ya gani, ya karɓi cajata, ya je ya yi barcinsa. Na tare shi a baranda daga baya, ya rantse wai ya ɗauka awa goma a mako nake nufi. Ƙarya yake, kalmar "a rana" tana saman jadawalin da manyan baƙaƙe, gilashin kuma a hancinsa yake ba a wuya ba.

Shekaranjiya ya turo mini saƙo wai ko zan ba shi bayanan mu rubuta takarda tare. Ban ba shi amsa ba. Cajar ma tana wurinsa, fara ce, an naɗe wuyanta da baƙin tef, idan wani cikinku ya gan shi.