Dutse ne ko aikin mutanen da? A bar shi a raminsa tukuna

Masu haƙar rijiya da masu saran marmara a ƙasar Katsina sukan ci karo da abin mamaki: mulmulallen dutse, ko wani baƙin curi mai nauyin gaske. Kafin la'asar hotonsa ya zaga WhatsApp. Wannan ya ce aikin mutanen da ne, wancan ya ce na aljanu, wani kuma tuni ya ɗauko guduma ya ga ko da zinare a ciki.

Ni dai ban yarda siffa hujja ce ba, don ƙasa ma ta iya mulmula. Ruwan da ke ratsa ta yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, yana liƙa shi a jikin 'yar tsakuwa, ɓawo kan ɓawo kamar albasa, har bayan dubban shekaru ya zama dunƙule. Kashin maƙera, abin da ke saura idan an narka tama, yakan yi kama da shi daga nesa. Amma matso kusa: za ka ga 'yan ramukan da iska ta bari da sawun kwarara, galibi kuma ga gawayi da fasassun bututun yumɓu a gefensa. Waɗannan maƙwabtan nasa su ne shaidu, kuma su ake fara watsarwa da shebur.

Akan kuma yi kuskuren ta ɗaya gefen. Gatarin aradu da ake cewa tsawa ke jefowa, hannun mutum ne ya wasa shi. Tuddan Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani, baƙo zai ɗauke su tsibin ƙasa kawai, alhali kaburbura ne. Palmer, wani jami'in Turawan mulkin mallaka, ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992 tare da Jamusawa, aka samu 'yan kunnen zinare, awarwaron hauren giwa da kwanon ƙarfe ɗan Gabas ta Tsakiya. Da a buhun dillali aka tsinci kayan nan, wa zai iya cewa daga kabari ɗaya ko goma suka fito?

Saboda haka wanda ya tono abu ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya rufe, ya gaya wa dagaci. Sai dai nauyin ba a kansa kaɗai yake ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina da masanan kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello ya kamata su samar da lambar da manomi zai kira a zo da wuri, don mai rijiya ba zai dakatar da aikinsa wata guda yana jiran takarda ba.