Cheque ko check: yaron bai yi kuskure ba

Makon jiya wata malama a nan Amurka ta zagaye kalmar "cheque", wato cek ɗin banki, da jan biro a takardar wani yaro ɗan Kano da ko shekara bai yi da zuwa ba, ta rage masa maki. Abin ya sosa min rai. Haka aka koya masa a gida, haka kuma bankunan Najeriya da Ingila da Kanada ke rubuta ta.

Tushen kalmar "shah" ne na Farisanci, wato sarki. Ta shigo Turanci ta tsohon Faransanci a bakin masu wasan ces, mai kama da dara, waɗanda ke faɗinta idan sun ritsa sarkin abokin wasa. Daga ritsawa ma'anar ta koma dakatarwa, sai bincike, sai takardar banki da ake gwadawa da guntun da ya rage a littafi don kama jabu. A ƙarni na 19 Ingila ta ware wa ta bankin rubutunta daban.

A nan kuwa "check" ɗaya ke ɗaukar kayan duka: lissafin da ake kawo maka cikin 'yar jakar fata bayan ka ci abinci, alamar daidai a jarrabawa, duba mota, da cek ɗin kuɗin haya, don masu gidaje da yawa har yau takarda suke karɓa. Wajen cike cek ɗin ma baƙo na tuntuɓe. Wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 3/4 na nufin 4 ga Maris. Ƙananan kuɗi kuma a kan ɗari ake sa su, 45/100.

Na yarda, mai neman aiki a nan ya bi rubutunsu, ya mayar da harshen kwamfutarsa na Amurka don jan layin da ke nuna kuskuren rubutu ya daina fitowa. Amma namu ya fi tsabta, da gani ka san maganar banki ake.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne mahaifin yaron ya ba shi rashin gaskiya nan take, ya sa shi kwafe "check" sau ashirin. Yaron nan yana rubuta "kasa" a madadin "ƙasa", "baki" a madadin "baƙi", ba wanda ya taɓa ɗaga masa jan biro. Ko lanƙwasar ƙ da ɗ babu a wayoyin gidan.