Mu koya wa iyayenmu karanta adireshin shafi kafin su taɓa linki

Jama'ar Makka da Jidda da Madina, wallahi abin nan yana damuna. Yau a ƙasar nan rayuwar mutum kacokan tana cikin jawwal ɗinsa, wato wayarsa ta hannu, igama (takardar izinin zama) a manhajar Absher, izinin shiga Rauda a Nusuk, kuɗi a manhajar banki, amma ka zagaya Sharar Mansur ka tambayi iyayenmu meye linki meye burauza, da yawa za su ce maka ai duk intanet ne. To ba ɗaya ba ne, kuma a nan ɓarayi ke samun mu.

Intanet ita ce shabakar kanta wadda ta haɗa kwamfutocin duniya. Data da kake saya a STC ko Mobily ko Zain, da waifai na gida, hanyoyin shiga ne kawai. Burauza ita ce Chrome ko Safari, da ita ake buɗe shafi. Google mai nemo maka shafi ne, kuma abin da ya fara fitowa a sama sau da yawa talla ce wani ya biya. Manhaja kuma ita ce wadda ka sauke daga Play Store ko App Store. Wannan a zama ɗaya an gane shi.

Adireshi shi ne inda nake so mu daɗe. Kowane shafi yana da sunansa da ke fitowa a wancan ɗan layin na burauza, linki kuma adireshin ne aka turo maka don ka taɓa. Ka tsallake https:// na farkon adireshin in akwai shi, ka nemi karkatacciyar sandar nan ta farko (/) bayansa, ka karanta abin da ke gabanta, ƙarshensa shi ne mai gidan. Na Absher absher.sa ne, na Nusuk nusuk.sa, ma'aikatar Hajji da Umara haj.gov.sa, kuma gov.sa hukumomin gwamnatin Saudiyya kaɗai ake ba wa. Kowa fa zai iya rubuta absher a farkon sunan shafinsa, ya sa koren launi da tambarin dabino da takubba, amma sai ka ga ƙarshen ya tafi .xyz ko .top, to wannan ba na Dahiliyya (ma'aikatar cikin gida, mai Absher) ba ne ko da ya fi na gaskiyar kyau. Shi ma https da ɗan kwaɗon nan da wasu ke dogara da shi, abin da yake nufi kawai babu mai leƙen saƙonka a hanya, ɓarawo ma yana samun sa kyauta.

Sai lambar da ake turowa ta saƙo, wadda ake ce wa ramz. Hajiya, don Allah, ba a karanta wa kowa ita a waya, ko ya ce daga banki yake ko daga gidan waya wai kayanki sun iso ki biya 'yan riyaloli. Haka Nafath, manhajar gwamnati da ke tabbatar da ke ce mai shiga shafi, in ba ke kika nemi shiga wani shafi ba kika ga ya turo buƙata, wani na cewa zaɓi lamba kaza, ki ƙi amincewa, da sunanki yake son buɗe wani abu.

Laifin namu ne mu matasa. Baba ya ce zo ka duba min, sai mu fizgi wayar mu daddanna mu miƙa masa cikin minti ɗaya, ba mu nuna masa komai ba, gobe in ba ma nan sai ya kai wa mai shago ya ba shi fasuwod ɗinsa a rubuce a takarda. Mutanen da suka haddace izu 60 kuma suke lissafin riyal da naira da ka, wai su ne ba za su gane adireshin shafi ba? Haƙurin zama da su ne ba mu da shi.

Wanda ya riga ya ba da lambarsa ya kira bankinsa yanzu yanzu a rufe katin, ya sauya fasuwod na Absher, saƙon damfarar kuma a tura shi zuwa 330330, sannan a kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn.