Mai mudu biyu

Ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Jifa ce na yi cikin taro, wanda ta faɗo wa a ka shi ya san inda ke masa zugi.

Akwai wani bawan Allah da kalma ɗaya ta zame masa carbi a baki: tantancewa. In ya kau da kai daga gaisuwar mutum, tantancewa ce. In ya miƙe a bainar jama'a ya raba wa mutane wuta da aljanna tun ba a yi hisabi ba, nan ma tantancewa ce. Ka ce masa wannan ai wariya ce, sai ya gyara zama, ya yi murmushin nan nasa na tausaya wa jahilai, ya ce shi Allah ne ya ba shi basirar rarrabe aya da tsakuwa. Madalla. Mu dai mun ga ranar da aka gwada basirar.

Muna zaune wani yaro ɗalibi ya karanto wata magana bai faɗi mai ita ba. Ma'anarta ita ce, wanda ya yabi addininsa ya kushe na wasu don son nasa ya ɗaukaka, nasan yake yi wa illa. Mutumin namu ya lumshe ido yana kaɗa kai, ya ce Allahu akbar, wannan daga ji ka san maganar magabata ce, har ya jawo aya ta 108 a Suratul An'am, wadda ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama da zagin Allah. Sai yaron ya ce, Malam, ai Ashoka ne, wani sarkin Indiya mabiyin addinin Buddha, shi ya sa aka sassaƙa ta a jikin duwatsu fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Wallahi kan idona kan da ke kaɗawa ya tsaya cak. Ya yi gyaran murya, ya ce dama tun farko ya ji wani ɗan wari a cikin maganar. Ba a ƙara mata wasali ko ɗaya ba tsakanin kabbararsa da ƙyamarsa. Sunan mai ita kawai ya ji.

To wane irin awo ne wannan? Mai tantancewa magana yake ɗorawa a sikeli. Shi kuwa namu sai ya fara tambayar ɗan wa ya faɗa, wane masallaci yake zuwa, ko ma yana zuwa. Ya san ƙissar Abu Huraira sarai, don na ji ya karantar da ita: dare uku ɓarawo yana zuwa ɗibar zakkar da aka ba shi tsaro, a na ukun ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu kafin barci. Annabi (SAW) ya ce ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, Shaiɗan ne. An karɓi gaskiya daga bakin Shaiɗan ba tare da an wanke shi ba. Amma wani ya fi ƙarfin ya karɓe ta daga makwabci.

Kafin ya tura yaransa su ce na ce addinai duk ɗaya ne, ban ce ba. Ina da aƙidata, ina kuma ganin ita ce daidai, kamar yadda kowane mai addini na gaske yake ganin tasa. Al-Biruni ma, wani babban masani Musulmi na zamanin da, bai bar Musulunci ba, amma ya zauna ya koyi harshen Sanskrit, wajen shekarar 1030 ya rubuta abin da 'yan Hindu suka yi imani da shi yadda su da kansu suke faɗa. Ya sha wahalar sanin abu kafin ya yi magana a kai. Namu ko shafi ɗaya na mutanen da yake yi wa hukunci bai taɓa buɗewa ba, da ji-ta-ji-ta yake fatawa. Ko 'yan'uwansa da suke fuskantar alƙibla ɗaya da shi ba su tsira ba, muddin malaminsu ba nasa ba ne.

Duk wannan da sauƙi, baki ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar da maganar ta zama ta haƙƙi. Wani na jikinsa ya karɓi bashi a hannun wani mutum da ba addininsu ɗaya ba, a gabansa aka ƙirga kuɗin, shi ne shaida. Da lokacin biya ya yi, mai bashin ya zo da sallama da ladabi, na jikin nasa ya ce sam bai san zancen ba. Aka waiwayi shaida. Sai ga mai basira yana kallon yatsun ƙafarsa, wai ya tsufa, abubuwa sun fara kwance masa. Bayan an watse aka ji yana cewa ai ba ya tona asirin ɗan'uwa a gaban wanda ba namu ba.

Ina ma ya tuna dalilin saukar ayoyin nan na Suratun Nisa'i, daga ta 105. Malaman tafsiri suna kawo cewa wani Musulmi, Ɗu'uma bin Ubairiƙ, ya saci sulke a cikin buhun gari, garin yana zuba a hanya, ya kai ya ajiye a gidan wani Bayahude. Aka bi sawu aka samu sulken a can. Danginsa suka taru suna neman a wanke nasu a ɗora wa Bayahuden. Sai wahayi ya sauka yana hana zama mai kare maha'inta. Daga sama aka wanke wanda ba namu ba, aka tona asirin namu, kuma har gobe ana karanta ayoyin a cikin salla. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ma ba ta bar ƙofa ba: kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Mutumin namu ya haddace ta, da daɗin murya ma yake karanta ta.

Ya kuma san wa ya ba Musulmin farko mafaka. Wajen shekarar 615, da azabar Ƙuraishawa ta yi yawa, Habasha aka tura su, saboda a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ƙuraishawa suka aika Amru bin Asi da kyaututtuka, suka bi fadawa ɗaya bayan ɗaya don a miƙo mutanen ba tare da an saurare su ba. Sarkin, wato Najashi, ya ce sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, sarki ya mayar wa 'yan aike kyaututtukansu. Na san abin da zai ce, ai Najashi ya musulunta. Haka ne, amma lokacin da aka yi masa shaidar adalci yana Kirista. Da a ce irin mudun wani ne a hannun sarkin nan, da tun a bakin teku an taso ƙeyar su Ja'afar.

Na san zai karanta wannan, ko a karanta masa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka in wayata ta yi ƙara yau da dare ba zan yi mamaki ba. Sai dai kafin ya kira ni, akwai wani mutum da har yanzu yake jiran kuɗinsa, kuma gidansa bai fi taku ashirin daga nasa ba.